Jan Ƙyallen Kejin Ɓeraye

Har gobe idan na shiga ɗakin gwaje-gwaje na ji warin fitsarin ɓera, Yayana ne yake fara faɗo mini a rai, kuma ba da alheri ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara huɗu ya ba ni. Muna gaisawa, muna zuwa suna da jana'iza tare, 'ya'yansa suna yin hutu a gidana na Gumel. Amma mutumin nan shekara guda cur ya cinye mini, da hannunsa, yana sane, kuma har yau bai buɗe baki ya ce in yi haƙuri ba.

Abin ya faru ne a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Kowane ɗalibi sai ya yi aikin bincike kafin a ba shi takardar gamawa, ni kuma malamina ya haɗa ni da fararen ɓeraye ashirin, irin waɗanda ake kiwo musamman don gwaji, masu jajayen idanu. Abin da zan duba shi ne yadda wahalar jiki take taɓa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda mutane suke kira sojojin jiki. Za a raba ɓerayen gida biyu. Goma kullum a saka su a ruwa su yi ta iyo har su gaji tuɓus. Goma kuma a bar su su ci su kwanta, ko ƙuda kada ya dame su. Bayan sati shida in ɗebi ɗigon jini a wutsiyar kowanne, in shafa a gilashi, in rina shi, in ƙirga ƙwayoyin a madubin likita. An koya mana cewa dabbar da ta sha wuya akan ga wani iri na ƙwayoyin ya ƙaru a jininta, wani irin kuma ya ja baya. To amma ba ka isa ka ce abu ya ƙaru ko ya ragu ba sai kana da abin gwadawa. Na hutun nan su ne ma'auni. In suka lalace, aikin gaba ɗaya ya tashi a tutar babu.

Ina shirin farawa sai malamai suka tafi yajin aiki. Aka rufe makaranta, aka ce kowa ya kwashe dabbobinsa don babu mai ciyar da su. Malamina ya tsayar da ni a bakin motarsa, ko kashe ta bai yi ba.

"Ka tafi da su garinku ka yi aikin a can," in ji shi. "In an dawo ka kawo mini sakamako, ka fita tare da 'yan ajinku. In ka dawo hannu rabbana, sai baɗi."

Haka na kinkimo ɓeraye a kwali mai huji har Gumel, direba yana ta masifa wai motarsa ta yi wari. A Gumel na sa wani mai walda ya yi mini keji biyu iri ɗaya sak, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, saboda a aikin nan komai na gidajen biyu sai ya zo daidai, ruwan iyon kawai zai bambanta su. Na ɗaure su a bayan babur, muka bi yashi zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Ɗanzomo. Kafin in sauke kaya labari ya riga ni shiga gida. Garin da ake kwana ana yaƙi da ɓera a rumbu, ga ɗan boko ya yi dakon ɓeraye daga birni, har da abincinsu a buhu. Inna ta leƙa kwalin ta ja da baya tana salati. Baba yana kishingiɗe a rumfarsa, ya yi murmushi kawai, domin shi duk abin da ya fito daga makaranta daidai ne.

Tsakiyar bazara ce, zafi kamar ya tsage ƙasa. Ɓerayen nan ba sa jure zafi, kuma zafin ma wahala ce da za ta iya ɓata mini na hutun. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi a gidanmu, tsohon soron ƙasa da ke kusa da turken shanu, inda Yaya yake ajiye garma da iri da igiyoyinsa, nan kuma yake miƙewa da azahar in ya dawo daga daji. Na faɗa wa Baba. Baba ya ɗaga murya daga inda yake ya ce, "A kwashe masa kayan." Yaya ya zo ya kwashe. Ya jingine garmar a gindin darbejiya, ya maida tabarmarsa can kusa da shanu.

Bari in faɗi gaskiya a kan Yaya, ko da raina ba ya so. Yana aji shida na firamare ciwon baya ya kwantar da Baba, ni kuma ina aji biyu. Gona ba ta jira, shanu ba sa jira, sai Baba ya cire shi daga makaranta ya bar ni. Malamansu sun yi zarya gidanmu, don shi yake zuwa na ɗaya a ajinsu, amma Baba ya ce shi ne babba, shi ne mai ƙashi. A hannunsa na koyi haɗa baƙi, da tsinke a kan yashi. Tun daga nan yake bin shanu. Guda uku yake riƙewa ko da yaushe, kuma yana da wata doka da duk ƙauyen suka san shi da ita: biyu ne a aiki, ɗaya yana hutu, gobe a juya. Ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya sa sa ɗaya ya yi kwana uku a jere a ƙarƙashin karkiya. Mutane suna yi masa dariya wai yana ciyar da baki uku don aikin biyu, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar da zan raba ɓerayen yana tsaye a bakin ƙofar soron, igiya a kafaɗa. Na yanka takardu ƙanana ashirin, goma na rubuta ruwa, goma na rubuta hutu, na zuba a hula. In na ɗago ɓera sai in zaro takarda, inda ta ce nan zan jefa shi. Da na gama na yagi jan ƙyalle daga wani tsohon zanin Inna na ɗaura a kejin na ruwa.

"Dakta," ya ce, haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "waɗannan na jan ƙyallen me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Ƙuri'a ce ta faɗa musu."

"Waɗancan fa?"

Na yi masa bayani a gajarce, irin bayanin da kake yi wa wanda ka san ba zai gane ba. Na ce su ba a taɓa su, da jininsu za a gwada na waɗannan.

Ya ƙare wa kejin biyu kallo. Can ya ce, "Wato na hutun su ne mudu. In babu su, ba za a san iyakar wuyar da waɗannan suka sha ba."

Na ɗago na dube shi, don wallahi akwai 'yan ajinmu da aka yi wata ana fama da su kafin su fahimci wannan. Na ce haka ne.

"In kuma suka cakuɗe?"

"Sai aikin ya mutu."

Ya gyaɗa kai ya wuce wajen shanunsa. Ku riƙe wannan maganar, domin daga baya kowa a gidanmu cewa ya yi rashin sani ne, tausayin dabba ne. Ƙarya ne. Da bakinsa ya tambaya, da bakina na ba shi amsa.

Aiki ya kankama. Na samo rabin duro, kullum da hantsi in cika shi, in bar ruwan ya ɗan sha rana don kada sanyi ya yi musu yawa, in riƙa saka na jan ƙyallen ɗaya bayan ɗaya ina duba agogo. Ɓera ya iya iyo, amma ba ya son sa. Da farko zai yi ta karta jikin duron yana neman mafita, daga nan ya yi ta zagaye, daga ƙarshe ya tsaya cak, hancinsa kawai a sama. Nan nake tsamo shi, in goge shi da tsumma, in maida shi keji. Ni ba mugu ba ne, ban taɓa barin ko ɗaya ya sha ruwa ba. Amma duk lokacin da Yaya ya gifta da amalanke sai ya rage tafiya, ya leƙo, ya ja tsaki mai tsawo. Ruwan duron shi yake ɗebo shi a jarkoki daga burtsatsen bayan gari, tare da na shan gida da na shanu. Na san da haka. A lokacin dai ban ɗauke shi komai ba, ai amalanken can za ta ko da ni ko babu ni.

Kuskurena ɗaya ne, kuma na yarda da shi. Malamina ya ce in yi wa kowane ɓera alama a wutsiya. Na yi da alƙalamin tawada, kwana uku ruwa da lasa suka goge ta, ban sake ba. Na ce keji biyu ne, ɗaya da ƙyalle a dama, ɗaya babu a hagu, ɗakin kuma ba mai shiga. Wa zai yi tunanin sa kwaɗo a ƙofa saboda ɗan'uwansa? Sannan ina da al'adar komawa barci bayan sallar asuba, sai rana ta ɗaga nake fitowa. Yaya ya sha yi mini gori a kan barcin nan. Shi a wannan lokacin ya riga ya ba shanu harawa, ya share turke, ya ɗaura wa biyu karkiya.

Akwai alamu, ni ne dai ido ya rufe. Na ga na ruwan ba sa ramewa kamar yadda na zata. Wata rana in saka su su yi ta iyo da ƙarfi kamar sababbi. Sai in ce sabo ne, har na rubuta haka a littafina da kyakkyawan Turanci. Na hutun kuma in na buɗe kejin don zuba abinci sai su ruga lungu su cure wuri ɗaya suna kyarma. Na ce wataƙila ƙarar amalanke ce take firgita su, har na fita na yi wa Yaya magana ya daina wucewa ta jikin soron. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Dakta." Kai, in na tuna wannan "to" ɗin sai in ji kamar in yi ta mari kaina.

Sati shida suka cika daidai da haɗowar hadarin farko. Na ɗebi jinin kowanne, na shafa a gilasai, na jera su a kwali biyu, na nufi Gumel. Akwai wata mata da take aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, ƙawar yayar abokina ce, Anti nake ce mata. Ta yarda in yi amfani da madubinsu in marasa lafiya sun ragu da yamma. Ita ta taya ni rinin.

Wanda bai taɓa leƙa jini a madubi ba, ba zai san daɗin abin ba. Jajayen ƙwayoyi ne birjik, a tsakaninsu jefi-jefi ka ga farare sun sha rini sun yi shuɗi-shuɗi. Wasu cikinsu a gutsuttsure yake kamar an yanka hanji, su ne ake sa ran za su ƙaru in jiki ya wahala. Wasu cikinsu a dunƙule yake kamar ƙwallon magarya, su ne ake sa ran za su ragu. Ina ƙirgawa ina ja wa kowane iri layi a takarda. Kwana uku na yi ina zuwa. Na gama na ruwa, zuciyata fari ƙal, don abin ya karkata inda ake so. Na shiga na hutu. Gilashi na farko, iri ɗaya da na ruwa. Na biyu, haka. Kafin in kai na goma gumi ya jiƙa mini riga.

Na ce rinin ne ya lalace. Anti ta buɗe sabuwar kwalba. Na koma ƙauye na sake ɗibar jini, na dawo, muka sake. Na ce idona ne, ita ta zauna ta ƙirga da kanta ba tare da na faɗa mata wane kwali ne wane ba. Da ta gama ta cire tabarau ta ce, "Ƙanina, ni dai ban ga gida biyu a nan ba. Waɗannan ɓerayen duk abu ɗaya aka yi musu."

Na dawo gida ranar da aka kwana da ruwan shuka. Ƙasa tana ƙamshi, kowa ya fita gona, ni kuwa na zauna a ƙofar soro na haɗa kai da gwiwa. Inna ta kawo mini fura ta ajiye.

"Auta, kada ka sa wa ranka damuwa," ta ce. "Allah ba zai tozarta wahalarku ba, kai da Yayanka. Shi ma ai ya yi ƙoƙari, ko rana ɗaya bai yi fashi ba."

"Fashin me, Inna?"

"Juyin nan mana. Kullum in ka koma barci sai ya shiga ya kwance jan ƙyallen ya ɗaura wa ɗayan, ya musanya musu wuri. Na ɗauka kai ka sa shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ƙwaryar furar ta kife. Inna tana kirana, ban waiwaya ba. Ko takalmi ban tsaya nema ba, silifas ɗin banɗaki na zura na nufi gona.

Na hango shi yana huɗa a gonarmu ta gabas, shanu biyu a gaba, na ukun yana ɗaure a gindin gawo yana tuƙa. Na ratsa kunyoyin da ya gama ina tattake su, na sha gaban shanun. Dole ya tsaya.

"Yaya, kai ne kake sauya mini ƙyalle?"

"Ni ne."

Ko ɗar bai yi ba. Da ya musa ma da na ji sanyi.

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu."

Na zazzage masa duk abin da yake cikina. Na ce mugu ne, mahassadi, baƙin ciki ne yake cinsa tun ranar da na shiga jami'a. Na ce shekara huɗu ina cin garin kwaki ina kwana a aji, ya zo ya rusa mini da tsumman zani. Na kira shi jahili. Wannan kalmar ban taɓa faɗa masa ita ba sai ranar, kuma na faɗe ta da ƙarfi yadda masu shuka a gonar maƙwabta suka miƙe suna kallonmu. Shi kuwa ya dafa garma yana jira in gama, kamar mai jiran hadari ya wuce.

"Ka gama?" ya ce. "Ni a gidan da nake ciyarwa ba za a ware wasu su yi ta shan wuya kullum, wasu suna kwance suna ƙiba ba. Ko shanuna ban yi wa haka ba."

"Ɓeraye ne, Yaya! Ɓeraye! Kai da kake kashe su da sanda a rumbu!"

"Na rumbu ɓarayi ne. Waɗannan ka ce ba su yi komai ba, ƙuri'a ce ta faɗa musu."

"Na faɗa maka in suka cakuɗe aikin ya mutu!"

"Ka faɗa."

"To don me?"

Ya sunkuya ya cire ƙasar da ta manne a bakin garma, a hankali, sai da ya gama sannan ya ɗago.

"Su ko ƙuri'a an yi musu," ya ce. "Matsa, rana tana yi."

Ya daka wa shanun tsawa, na yi tsalle gefe don kada su bi ta kaina.

A nan zuciya ta ƙara kai ni ta baro. Da na yi haƙuri na koma gida na huce, wa ya sani, wataƙila da shaiɗan ya raya mini in zauna da biro in gyara lissafin na hutun yadda littafi yake so, kamar yadda na san wasu suna yi. Ban ce da zan yi ba, ban kuma ce da ba zan yi ba. Amma a tsakiyar gonar nan na zaro waya na kira malamina na zayyana masa komai, har da jan ƙyalle, har da shanu uku. Ina so ne wani mai ilimi ya taya ni jin haushi. Sai na ji mutumin nan ya fashe da dariya, har yana tari. Da ya sarara ya ce ɓerayen duka sun riga sun sha ruwa, babu sauran ma'auni a cikinsu, sababbi kuma sai an buɗe makaranta an yi kiwo, kafin nan 'yan ajinmu sun fita.

"Ai na faɗa maka ka yi alama a wutsiya," ya ce. "Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Da yamma na kai ƙara wajen Baba. Na durƙusa a rumfarsa na faɗi komai, ina jiran ya aika a kira Yaya ya wanke shi tas, kamar yadda ya saba in an taɓa karatuna. Baba ya saurara har na kai inda Yaya ya ce su ko ƙuri'a an yi musu. Sai ya kau da kai yana kallon zana. Carbi yana hannunsa amma ba ya ja. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Shi ke nan hukuncin. Inna ma tana gefe tana cewa ai rashin sani ne, tausayi ne ya yi masa yawa, tun yana yaro haka yake. Na tashi na bar musu wajen, na cika na batse, ko tuwo ban ci ba.

Washegari bayan sallar asuba na koma na kwanta kamar kullum, ga baƙin ciki ga gajiya. Ban jima ba na ji an buga ƙofa sau biyu. Na buɗe. Jan ƙyallen nan ne a ɗaure a marikin ƙofata, ɗauri biyu, irin wanda yake yi wa karkiya. A tsakar gida shanu biyu suna tsaye an riga an haɗa su, garma a kan amalanke. Yaya yana zaune a bakin soronsa cikin wankakkiyar riga, wadda sai Juma'a yake sakawa, da rediyo a cinya. Ya riga ya maida tabarmarsa ciki. Ɓerayen kuma ya haɗe su duka ashirin a keji ɗaya, yana jefa musu gyaɗa.

"Tunda babu makaranta bana, ga gona can," ya ce. "Na tsaya a kunya ta arba'in daga gindin gawo. Jan san ne da hutu gobe, kada ka manta."

"Yaya, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

"Sati shida kawai, Dakta. In sun cika sai ka ɗebi jininka ka kai Gumel. Ga ni nan a zaune, in kana neman mudu."

Na juya wajen rumfar Baba. Yana zaune, ya ji komai. Na tsaya ina kallonsa, ina jiran ya ɗaga murya kamar ranar da ya sa Yaya ya kwashe kayansa ya bar mini soron. Bai ɗaga ba, bai ma yarda mun haɗa ido ba. Inna ta fito da goran fura ta rataya mini a kafaɗa, ta ajiye mini tsofaffin takalman Yaya na taya a gabana, ta koma madafa da sauri.

Na karɓi igiyar. Me zan yi? Ranar farko kunyoyina suka yi ta karkacewa, maƙwabta suna dariya, tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe kafin azahar. Da daddare ban iya miƙe bayana ba. Ranar Alhamis ina fama da shanu a rana na hango Yaya a bayan babur ya nufi kasuwar Maigatari, ba saye ba sayarwa, yawo kawai, har yana ɗago mini hannu. Wallahi da dutse yana kusa da na jefe shi.

Sati shida suka wuce, Yaya bai karɓi igiyar ba. Aka gama huɗa aka shiga noma, aka yi maimai, gero ya yi bununi, aka yi girbi, aka cire gyaɗa, aka yanke riɗi. Duk ni. 'Yan ajinmu suka koma makaranta suka gama, suka turo mini hotunansu da doguwar riga da hula, na gan su a waya ina tsaye a kan amalanken kara. Shanun kuwa ban taɓa saɓa musu doka ba, biyu a aiki ɗaya a hutu, don in na manta ma yana nan a bakin soro zai tuna mini.

Ban kwance ƙyallen ba, don kada ya ce na gaza. Amma kullum in na dawo daga masallaci da asuba, kafin in je turke, sai na ɗan tsaya na dubi ƙofata, na dubi ƙofar soronsa. Mutumin da ya tashi kwana arba'in da ɗaya a jere yana juya wa ɓeraye ƙyalle, na ce ko yaya wata safiya zai juya mini. Har aka zuba hatsi a rumbu ƙyallen yana ƙofata, rana ta cinye jan ya koma fari.